Na-Sama Ya Janye Muryarsa

Mijin yayata irin mutanen nan ne da in ka tambaye shi ko zai leƙo gidanka da yamma, sai ya tsaya yana kallon takalminsa kamar ka ce ya sa hannu a sayar da gidan gado. Can sai ya ɗago ya ce, "Ina da niyya." Ka ce, "To, za ka zo ke nan?" Ya ce, "Niyya na ce maka. Kada a ɗora tukunya saboda ni." Da yamma kuma sai ga shi ya zo, ya ci, har ya nemi ƙari.

Yayata ta ce ko lokacin da yake neman aurenta bai taɓa yi mata alkawarin ko da ɗan kunne ba. Sauran samari suna ta gina mata bene da baki, shi kuwa ya zauna ya ce, "Ɗaki ɗaya gare ni, rufin yana yoyo ta wajen taga, in kin zo sai mu matsar da gado." Ta ce duk cikinsu shi kaɗai ne ya faɗi abin da ta je ta tarar, har yoyon.

A babbar tashar mota yake aiki, inda ni kuma nake facin taya a bakin ƙofa. Sunansa na gaskiya mai biyan albashi kaɗai ya riƙe. Kowa Na-Sama yake ce masa, domin ɗakin aikinsa yana saman zauren jira, sai an hau wani siririn tsani na ƙarfe. Ɗan akurki ne mai tagar gilashi ɗaya, da tebur, da kujerar da aka ɗaure ƙafarta da waya, da fankar da ba ta juyawa sai ta ga dama. A kan tebur akwai makirfo, a ƙasa kuma lasifika ce maƙale a kowace kusurwa. Aikinsa shi ne ya faɗa wa fasinjoji wace mota ce za ta tashi. Tun gashinsa na baƙi yake yinsa, har ya zama fari, har ya fara guduwa daga tsakiya.

Aiki ne da ake yi a zaune. Shi ne ya mayar da shi aikin gwiwa. Kafin ya buɗe baki sai ya sauko daga tsanin nan, ya ratsa zaure, ya je har gindin motar. Ya leƙa ya ga direba a kujerarsa, ya ɗora tafin hannu a jikin mota ya ji inji na kaɗawa, ya ja igiyar kaya ya ji ta ɗauru. Sannan ya koma, ya hau, ya huta numfashi biyu, ya ce: "Jama'a, motar gabas za ta tashi yanzu. Ku tashi." In kuwa abin bai yi masa ba, haka zai faɗa. Na sha jin sa yana cewa, "Jama'a, motar kudu ba ta da direba. Ban san inda yake ba. In na gan shi zan faɗa muku." Mutane su yi dariya, su tafi neman abinci hankalinsu kwance, don sun san ba za a tafi a bar su ba.

Ko "in Allah ya yarda" ba ya sakawa a sanarwa. Wani direba ya taɓa tare shi wai ko ba ya tsoron Allah ne. Ya ce masa, "Tsoron ne ya hana ni. Kai ka ƙi shan mai tun safe, ni kuma in hau sama in jingina wa Allah?"

Wata rana yana zaune a rumfata yana matsa gwiwarsa da ta kumbura, ɗan kamasho na ta kururuwa a bakin ƙofa: "Saura mutum ɗaya! Saura mutum ɗaya!" Motar kuwa ko kuda bai shiga ba. Na ce, "Yaya, dubi wannan. Tun safe yake sharara ƙarya, ga shi nan da ƙibarsa. Kai ka kashe gwiwa a kan kalma ɗaya."

Ya ce, "Wannan ba ƙarya yake yi ba, waƙa yake yi. Ka taɓa ganin wanda ya tashi da gudu don ɗan kamasho ya ce saura ɗaya? Shi ya san ba a yarda ba, fasinja ma ya san ya sani. An gama, ba wanda ya cuci wani. Ni fa? In na ce yanzu, mace za ta zare nono daga bakin jariri. Tsoho zai bar shayinsa rabi. Wanda ke bayan gida zai fito bai gama ba."

"Wannan dai na ƙarshe na sha gani," in ji ni.

"To ka gani. A bakinsa iska ce. A bakina igiya ce, kuma wuyana take fara ɗaurewa kafin ta jawo kowa."

Haka aka yi ta tafiya har wani kamfani ya buɗe tasha a tsallaken titi, da fararen motoci masu sanyi da kujeru masu kwanciya. Daga nan gaskiyar Na-Sama ta fara yi wa namu kamfanin tsada. Da zarar ya ce motar kudu ba ta da direba, sai ka ga mutane sun ɗauki jakunkunansu, sun gode masa, sun tsallaka titi.

Sai aka turo sabon manaja. Kada in zalunce shi, ba mugu ba ne. Saurayi ne mai tsabta, mai gaisuwa da hannu biyu, kuma na sama da shi sun ɗora masa ƙafa a wuya. Da kansa ya hau tsanin nan, ya ɓata farar rigarsa da tsatsa. Na-Sama ya ba ni labarin yadda suka yi.

"Baba, abu ɗaya nake roƙo. In mota ta yi jinkiri, ka ce za ta tashi yanzu. In suka shiga layi da kayansu, ba za su tsallaka ba."

"Za ta tashi yanzun?"

"Za ta tashi dai."

"Ni ma zan mutu dai, ranka ya daɗe, amma ban ce a fara haƙa ba."

Manaja ya yi dariya, don yana da kunya. Ya ce, "Baba, magana ce kawai. Yaran ƙofa kullum suna faɗa."

"To ka ba su makirfon."

"Ai su ba a yarda da su."

"Ashe ka san abin da kake nema. Ba murya kake so ba, yardar mutane kake so in ara maka. Ita kuwa ba tawa ba ce, ajiya aka ba ni."

Manaja bai yi fushi ba. Ya sauko, ya karkaɗe rigarsa. Ba a daɗe ba aka kawo sabbin na'urori ɗakin sama, wai don murya ta riƙa fita tas. Na-Sama har murna ya yi, ya ce yanzu yana jin kansa kamar mai karanta labarai. Bai san akwai wani akwati a cikinsu da ke naɗar duk abin da ya faɗa ba. Bayan wannan kuma manaja ya kira shi, ya ce ya lura da gwiwar nan, kamfani ya ba shi hutu ya je ya yi jinya.

Mutumin da bai taɓa hutu ba bai san yadda ake yinsa ba. Ya gyara ƙofar da ba ta lalace ba, ya wanke tukwanen da aka riga aka wanke, har yayata ta kore shi daga kicin. Sai ga shi a rumfata da rana tsaka, wai ya zo ya ga ko na iya aiki. Ina durƙushe a kan wata ƙatuwar taya, na cire ta daga motar kudu, ina neman ƙusar da ta huda ta. Motar kuwa tana can bayan zaure an ɗage ta a kan jak.

Sai lasifika ta yi ƙara, muryar da na fi sani a duniya ta cika tasha: "Jama'a, motar kudu za ta tashi yanzu. Ku tashi."

Na dubi lasifika, na dubi mutumin da ke zaune kusa da ni bakinsa a rufe, na dubi tayar da ke tsakanin ƙafafuna. Na ce, "Yaya, ko dai kana da tagwaye ba ka faɗa mana ba?"

Shi kuwa ya juya. Yana kallon zaure. Mutane sun tashi kamar an watsa musu ruwa. Wata mata na saɓa goyo da hannu ɗaya tana jan buhu da ɗayan. Mai shayi na bin wani da canji. Aka fito da su fili, aka jera su cikin rana a bakin shinge, inda ba sa hango motar. Wata tsohuwa mai sanda, wadda ta saba zuwa ganin likita ta wannan hanya, ta biyo ta gabanmu tana ɗingishi, ƙullin kaya a kanta. Ta gan shi, ta washe baki.

"Sannu, Na-Sama. Ai ina jin ka ce yanzu na bar maganina ban sha ba. Har ka sauko? Kai, ƙafarka ta fi tawa."

Na taɓa ganin yaya cikin fushi, ranar da aka sace masa keke. Wannan ba irinsa ba ne. Tashi ya yi a hankali, ya karɓi ƙullin tsohuwar, ya mayar da ita benci cikin inuwa. Sannan ya tsaya a tsakiyar fili, daidai ƙarƙashin babbar lasifika, ya haɗa hannuwansa a baki.

"Jama'a! Ni ne Na-Sama! Muryar da kuka ji tawa ce, amma ban duba motar nan ba, kuma ban yi muku alkawari ba. Na janye! Ga tayar motarku can a hannun ƙanin matata. Kowa ya koma inuwa!"

Duk tasha ta juyo tana kallona. Ban san abin da zan yi ba, sai na ɗaga musu hannu.

Manaja ya fito da gudu. Ya kama hannun yaya ya ja shi gefe, ni kuma na gangaro da tayata kusa, don kunnena ba ya son a bar shi a baya.

"Baba, me ya kawo ka? Kana hutu! Ba kai ka faɗa ba, na'ura ce. Ba ka da laifi ko kaɗan."

"Wa suka ji?"

"Sun ji na'ura."

"Je ka tambayi tsohuwar can ko na'ura ce ta hana ta shan magani. Ni ta gaisar."

"Amma ai ka taɓa faɗin maganar, da bakinka. Ba mu ƙara ko harafi ba."

"Na faɗa ranar da na taɓa mota na ji tana kaɗawa. Alkawarin wannan rana ne, na cika shi, ya ƙare. Kai ka tono shi kana aikensa kasuwa."

Lasifika ta sake cewa motar kudu za ta tashi yanzu, don wanda aka ɗora a sama an ce masa ya riƙa maimaitawa. Yaya ya fizge hannunsa, ya koma tsakiyar fili ya ce, "Na janye!" Na'ura ta faɗa, ya janye. Ta faɗa, ya janye. Wani direba ya ce tunda yake bai taɓa ganin mutum yana musu da kansa kuma yana cin nasara ba.

Washegari manaja ya aiko da saƙo gida. Na-Sama zai iya komawa kujerarsa, amma da sharaɗi: ya hau sama ya ba jama'a haƙuri da bakinsa a kan ruɗanin da ya jawo, ya ce kuskure ne daga gare shi, sannan a ci gaba da amfani da na'ura in ya sauka duba mota. In ya ƙi, ya kawo makullin ɗakin sama.

Yayata ta aika a kira ni, wai in taya ta magana. Na same su a tsakar gida, tana wanki, tana dukan riga kamar rigar ce manaja.

"Saura kaɗan ka yi ritaya da mutuncinka," in ji ta. "Autarka tana tsakiyar karatu. A shekarunka wa zai ɗauke ka aiki? Ka je ka ce a yi haƙuri. Ni sau nawa nake ba ka haƙuri a gidan nan alhali kai ne da laifi?"

"Ke in kin faɗa, na san ba ki nufa ba."

"Au, ka sani?"

"Na sani mana. Shi ya sa ba ya cutar da kowa. Su kuwa za su yarda. In na ce na yi kuskure, na gaya musu ke nan na'ura ce mai gaskiya. Gobe tsohuwar nan za ta sake tashi."

Ta juyo kaina. "Kai kuma ka tsaya kamar turke. Ba ka da baki ne yau?"

Na ce, "Yaya, ni taya na sani. In ta huje ana liƙe ta."

"Wannan ba huji ba ne," in ji shi.

Ta ajiye rigar, ta share hannu a zaninta, ta dube shi sosai. "To ka yi mini alkawari ɗaya. Ka ce ba za ka tayar da rigima gobe ba."

Ya kalli takalminsa. Ya daɗe yana kallo. Ya ce, "Zan je. Zan hau. Zan yi magana. Wannan ukun na ɗauka."

"Allah ya haɗa ni da kai," in ji ta, ta koma kan wankinta. Amma da safe ita ta goge masa rigar da ya fi so.

Labari ya riga ya zaga, don haka zaure ya cika har da waɗanda ba su da niyyar tafiya ko'ina. Na bar wani mai babur da tayarsa a buɗe na shigo. Manaja na tsaye a gindin tsani. Na-Sama ya gaishe shi da kyau, ya kama ƙarfe ya hau, yana hutawa a tsakiya saboda gwiwa. Muka ji ya ja kujera. Muka ji ya hura makirfo kamar yadda ya saba.

"Jama'a, Na-Sama ne, da kaina, ina zaune a nan. Akwai wata baiwar Allah da ta bar maganinta shekaranjiya saboda muryata. Ita ina ba ta haƙuri, kuma da gaske nake. Sauran magana ita ce: daga wannan sanarwa, duk abin da kuka ji da muryar nan daga sama, ba ni ba ne. Ban duba ba, ban sani ba, ban ɗauka ba. Wanda ya tashi, ya tashi don kansa. Na ajiye aiki. Motar gabas kuma na duba ta kafin in hau, za ta tashi yanzu. Ku tashi."

Masu motar gabas suka tashi. Sai mai shayi ya fara buga cokali a jikin kofi, aka ɗauka da tafi.

Ya sauko a hankali, makulli a hannu. Manaja, idanunsa sun yi jawur, ya ce, "Baba, ka san an kore ka ke nan."

"Ka makara, ranka ya daɗe. Ba a korar wanda ya riga ya tafi." Ya damƙa masa makullin, ya ƙara da cewa, "Fankar sai an buga ta ta gefen hagu."

Ba zan ce muku abin ya zo da sauƙi ba. Yayata ta daɗe ba ta yi masa magana sai ta bakin auta, kuma ta koma ɗinkin da ta bari tun idonta na da ƙarfi. Kamfanin tsallake sun aiko suna nemansa. Ya je, ya ga su ma akwati ne da su a kan tebur, ya sha ruwan sanyinsu ya dawo. Ni na ba shi benci a rumfata. Aikinsa yanzu shi ne ya tsoma tub ɗin taya a bahon ruwa ya nemo inda kumfa ke fita, kuma ba ya cewa ya samu sai ya gani sau biyu, abin da ke sa masu babur su yi kamar su yi kuka.

Manaja bai daina kunna na'urar nan da nan ba. Muryar yaya ta ci gaba da fitowa daga sama tana cewa yanzu, ku tashi. Da farko baƙi kan zabura, sai na kusa da su ya ce, "Zauna, malam, mai muryar ya janye." A hankali ta zama kamar kukan ɗan kamasho: tana faɗa, mace na ci gaba da shayar da ɗanta, tsoho na hura shayinsa. Har lokacin da motar ke shirin tashi da gaske, sai an bi mutane benci-benci ana roƙonsu.

Na tambaye shi ko ba ya jin ciwo, muryar da ya kashe gwiwarsa a kanta ta zama abin da ko kaza ba ta ɗaga wa kai.

Ya ce, "Ina ji mana. Amma ni na kashe ta, ba a yi sata da ita ba."

Har yau wasu fasinjoji kan ratso rumfata su tambaye shi. Jiya ma wani mai jakar hannu ya zo da sauri, ya rusuna ya ce, "Baba, an ce kai ne mai gaskiyar tashar nan. Don Allah motar kudu za ta tashi yanzu?"

Yaya bai ɗago daga bahon ruwa ba. Ya ce, "Ban sani ba, ban duba ba. Amma in kana son labarin da na gani da idona, ga ƙafarta ta baya can, ƙanin matata yana zaune a kai yana cin gyaɗa."